Hasumiyar Hiralda ta Ishbiliya: ta ladan ce ko ta ƙararrawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga hoton wata doguwar hasumiya a ƙasar Sifaniya, tana manne da wani ƙaton cocin Katolika, da ƙararrawa jere a samanta da mutum-mutumi a can ƙololuwa. Abokina ya dage cewa hasumiyar masallaci ce tun asali, ni kuwa na ce irin wannan gini sai Turawa. Don Allah wa ya gina ta? In ta masallaci ce, me ya hana a rushe ta lokacin da aka rushe masallacin? Kuma ta yaya ginin da aka yi domin kiran salla ya iya ɗaukar nauyin ƙararrawa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Hasumiyar da ka gani tana birnin da Larabawa ke kira Ishbiliya, mutanen Sifaniya kuma suna ce masa Sebiya, a kudancin ƙasar, bakin kogin Gwadalkibir. A rubuce sunanta Giralda, amma a bakin mutanen garin Hiralda za ka ji. Abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, sai dai kai ma ba ka tashi a banza ba, domin gini biyu ne aka ɗora ɗaya a kan ɗaya. Daga ƙasa zuwa kimanin mita 50 aikin magina Musulmi ne na ƙarni na 12. Daga inda ƙararrawa suka fara zuwa sama aikin wani magini Kirista ne na ƙarni na 16. Tsakaninsu akwai shekara kusan 370.

Labarin ya faro ne daga daular Muwahhiduna, wadda ta taso daga duwatsun Maroko ta mallaki Magrib da abin da ya rage na Andalus, wato yankin Sifaniya da Fotugal da ke hannun Musulmi. Halifansu Abu Ya'aƙub Yusuf ya taɓa zama gwamnan Ishbiliya kafin ya hau mulki, kuma yana ƙaunar garin ƙwarai. Tsohon masallacin Juma'a na garin, wanda ake kira na Ibn Adabbas, tun ƙarni na 9 aka gina shi, ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Saboda haka a 1172 halifa ya sa aka fara sabo, ya damƙa aikin a hannun shugaban magina Ahmad ibn Baso. Masallaci ne mai faɗin gaske, da farfajiya ta alwala a gefen arewa, aka yi huɗubar farko a cikinsa a 1182. Hasumiya ta biyo baya. A 1184 halifa ya ba da umarnin gina ta, a wannan shekarar kuma ya rasu sakamakon raunin da ya samu a yaƙin Santarem, cikin Fotugal ta yau. Ɗansa Ya'aƙub al-Mansur ya gaji mulki da aikin.

Ibn Baso da dutse ya fara. Bai je ya sassaƙo sabo ba, ya kwaso na tsoffin gine-ginen da ke garin ne, har da na zamanin Rumawa. Wanda ya tsaya a gindin hasumiyar yau ya sunkuya zai ga wasu duwatsun da rubutun Latin a jikinsu, irin wanda ake yi don girmama manyan jami'an Rum lokacin da garin yake amsa sunan Hispalis. Ba ɓoye su aka yi ba, suna nan daidai inda mai wucewa zai gani. Aiki ya tsaya na ɗan lokaci, sa'an nan wani magini mai suna Ali al-Gumari ya ci gaba a 1188, shi kuma da jan bulo ya yi. Wannan ne ya sa gindin kawai yake dutse, sauran jikin duk bulo ne.

An kammala a 1198. A wancan lokacin, bisa wannan babban jiki akwai wata ƙaramar hasumiya siririya mai ƙubba, a kan ƙubbar kuma aka soke ƙwallaye huɗu na tagulla da aka shafe da zinariya, babba a ƙasa, suna raguwa har zuwa sama. An ɗora su ne bayan nasarar da al-Mansur ya samu kan Alfonso na Takwas, sarkin Kastila, wata masarautar Kiristoci a Sifaniya, a yaƙin Alarkos na 1195. Ibn Sahibis Salat, marubucin tarihin daular wanda ya rayu a lokacin, ya rubuta labarin ginin. Su kansu marubutan Kastila da suka ga ƙwallayen daga baya sun ce babbar cikinsu sai da aka faɗaɗa ƙofar gari kafin ta shiga, kuma in rana ta haska su ana hango ƙyallinsu daga tafiyar yini guda.

Hiralda tana da 'yan'uwa biyu a Maroko: hasumiyar Kutubiyya a Marrakesh, da hasumiyar Hassan a Rabat wadda aiki ya tsaya mata a mita 44 bayan rasuwar al-Mansur a 1199. Duk ukun masu kusurwa huɗu ne, domin haka mutanen Magrib da Andalus suke gina hasumiya, ba irin zagayayyun siraran nan na Turkawa ba. Wanda ya san hasumiyar Agadas ko Gobarau ta Katsina ba zai ji baƙuntar wannan siffa ba, ko da yake waɗannan da ƙasa aka gina su kuma suna tsukewa in sun yi sama.

Abin da ya fi burge ni a aikin Muwahhiduna shi ne yadda suka yi haƙuri da ado. Rabin ƙasa na hasumiyar bango ne kawai, sai tagogi jefi-jefi. Sai an kai tsakiya ado yake farawa, kamar babbar riga da ake barin ƙasanta fili a zuba aiki a ƙirji. An raba kowace fuska gida uku a tsaye. Na tsakiya na tagogi ne, yawancinsu bibbiyu da siririn ginshiƙin marmara a tsakani, kawunan ginshiƙan kuwa da yawa an ɗebo su ne daga gine-ginen zamanin Banu Umayya na Ƙurɗuba, tsohon babban birnin Andalus. Na dama da na hagu an cika su da wata saƙa ta bulo da ake kira sebka, layuka masu lanƙwasa suna haɗuwa suna rabuwa har su zama raga. Ba manna ta aka yi daga baya ba, da bulon bangon kansa aka fitar da ita, wasu a turo su waje wasu a ja su ciki, rana ta zo ta ƙarasa aikin da inuwa. Can saman wannan sashe akwai jerin ƙananan bakuna na ado da suka ɗaure shi. Daidai nan aikin Musulmi da ake gani daga waje ya ƙare.

Cikinta ne ke ɗauke da amsar tambayarka ta uku. Hasumiyar ba rami ne da bango huɗu ba. Akwai wata hasumiya a cikinta, mai ɗakuna bakwai ɗaya bisa ɗaya, kowanne da rufin ginin baka. Tsakanin wannan ta ciki da bangon waje aka bi da hanyar hawa, kuma ba matakala ba ce. Gangare ne guda 35, kowanne yana bin fuska ɗaya ya karya kwana ya shiga na gaba, har sama. Mutanen garin suna cewa an yi haka ne don ladan ya hau bisa doki. Faɗin hanyar ya isa dabba ta bi, wannan gaskiya ne, kuma a ganina magina sun fi ladan cin moriyarta, domin ta nan za a hau da bulo da kwaɓi a bayan dabbobi ana cikin aiki. Ko ma mene ne dalili, rufin kowane gangare yana ɗaure bangon waje da na ciki, tun daga ƙasa har sama, sai ginin ya zama dunƙule guda mai wuyar girgizuwa. Gindinta kuma mita 13 da rabi ne kowane gefe. Ka lura ma da tagogin: ba su yi layi ɗaya a dukkan fuskokin ba, kowace taga tana bin tsayin gangaren da ke bayanta, don haske ya sauka inda mai hawa yake taka ƙafa.

Sarkin Kastila Fernando na Uku ya ci Ishbiliya a watan Nuwamba na 1248, bayan ya kewaye ta fiye da shekara guda. An ruwaito cewa a lokacin da ake tattauna sharuɗɗan miƙa gari, Musulmi sun nemi a bar su su rushe hasumiyar da hannunsu, don kada ta faɗa hannun wasu, sai yarima Alfonso, ɗan sarkin, ya yi barazanar hallaka su in bulo ɗaya ya ɓace daga jikinta. Masu ruwayar mutanen Kastila ne, amma ruwayar ta nuna yadda ɓangarorin biyu suka ɗauki ginin. An fitar da Musulmin garin, aka mayar da masallacin coci da sunan Maryamu, aka juya fuskar ibada zuwa gabas. Fiye da shekara 150 Kiristoci suna ibada a cikin ginin masallacin yadda yake.

Don a gane abin da ya sa ƙararrawa ta hau wurin ladan, sai an san cewa a Andalus sautin da ke tashi a saman gari shi ke faɗar mai gari. Inda Musulmi ke mulki ana taƙaita kaɗa ƙararrawa, inda Kiristoci suka karɓa ana taƙaita kiran salla. A 997 al-Mansur ibn Abi Amir, wazirin Ƙurɗuba (ba shi ne al-Mansur na Muwahhiduna ba, ya riga shi da shekara 200), ya kai hari Santiyago ta Kompostela a arewa, ya kwaso ƙararrawar cocin aka mayar da su fitilu a masallacin Ƙurɗuba. Da Fernando ya ci Ƙurɗuba a 1236 sai ya sa aka mayar da su inda aka ɗauko su. Har yau a masallacin Ƙarawiyyin na Fas akwai fitilun da asalinsu ƙararrawar coci ne. Saboda haka barin hasumiyar Ishbiliya a tsaye yana da fuska biyu. Akwai amfani, domin coci yana bukatar wuri mai tsawo da zai rataya ƙararrawa, ga shi kuwa an samu wanda ya fi kowane gini a garin tsawo, ba a kashe ko sisi ba. Akwai kuma nuna nasara. Bai kamata mu ɓoye ɗayan don ɗayan ya yi daɗin ji ba.

Ƙwallayen zinariyar sun daɗe a wurinsu bayan cin garin, har girgizar ƙasa ta 1356 ta kayar da su. Aka sa ɗan ƙaramin gini na ƙararrawa da gicciye a madadinsu. A farkon ƙarni na 15 malaman cocin suka yanke shawarar rushe tsohon masallacin, wanda girgizar ta raunana, su gina sabon coci na dutse. Aka yi ta rusawa ana ginawa har 1506. Shi ne ƙaton ginin da ka gani a hoto, yana cikin manyan coci-coci na duniya, a cikinsa ma kabarin Kiristofa Kolumbus yake. Daga masallacin abu biyu suka tsira: hasumiya, da farfajiyar alwala wadda yanzu ake kira Farfajiyar Lemo saboda itatuwan lemon da ke cikinta, tare da babbar ƙofarta mai ƙyauren da aka lulluɓe da tagulla tun zamanin Muwahhiduna.

Sai ƙarni na 16, lokacin da Ishbiliya ta zama ƙofar cinikin Sifaniya da nahiyar Amurka. A 1503 aka kafa hukumar kula da wannan ciniki a garin, azurfa tana shigowa ta kogi, coci ma ya samu rabonsa. Malaman cocin suka ga ɗan ginin ƙararrawar bai dace da matsayinsu ba, suka ba Hernan Ruiz, magini ɗan Ƙurɗuba wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, aikin yi wa hasumiyar sabon kai. Ya fara a 1558 ya gama a 1568.

Wannan mutum ya cancanci yabo, kuma ina faɗa ba tare da wata-wata ba. Yana da iko ya shafe saƙar bulon nan, ko ya lulluɓe hasumiyar da dutse yadda ba mai sake ganin ta. Haka aka yi a Ƙurɗuba: hasumiyar Abdurrahman na Uku, ta tsakiyar ƙarni na 10, daga 1593 aka kewaye ta da sabon gini, yanzu tana ciki a rufe. Shi kuwa Hernan Ruiz a Ishbiliya ya bar babban jikin yadda ya same shi. Ya gina ɗakin ƙararrawa daidai faɗin abin da ke ƙasa, yadda nauyinsa zai sauka kai tsaye kan kaurin bangon waje. Ƙaramar hasumiyar Muwahhiduna ta sama ma bai rushe ta ba, ya kewaye ta ne ya mayar da ita ƙashin bayan sabon ginin, tana nan a ciki har gobe. Daga nan ya yi ta ɗora hawa bisa hawa, kowanne ya fi na ƙasansa ƙanƙanta, na farko masu kusurwa huɗu, na ƙarshe zagayayyu, yadda nauyi ke raguwa ido kuma yana bin ginin har ƙololuwa. Ya haɗa dutse da jan bulo da fale-falen tangaran masu sheƙi, don launin sama ya yi magana da na ƙasa. A kusurwoyi huɗu ya sa tuluna na ado, waɗanda yau ke ɗauke da furanni na ƙarfe. Shi ya sa mai kallon hoto irinka zai ɗauka mutum ɗaya ne ya zana ta daga tushe.

A jikin ɗaya daga hawan na sama an zagaya da rubutun Latin da manyan baƙaƙe, an ɗauko shi daga littafin Karin Magana na Baibul, sura ta 18, inda aka ce sunan Ubangiji hasumiya ce mai ƙarfi. Mutum-mutumin da ke ƙololuwa na tagulla ne, siffar mace da ke wakiltar nasarar bangaskiyar Kirista, a hannu ɗaya tana riƙe da wata faffaɗar tuta mai kama da garkuwa, a ɗayan kuma reshen dabino. Bartolome Morel ne ya zuba shi, aka ɗora shi a 1568. Tsayinsa ya haura mita uku, nauyinsa ya fi tan guda, amma an zaunar da shi bisa sandar ƙarfe yadda iska in ta bugi tutar sai ya juya ya nuna inda take kaɗawa. Daga wannan juyawa sunan Hiralda ya fito, da farko sunan mutum-mutumin ne, daga baya ya koma kan hasumiyar duka. Da shi tsayin ginin ya kai kimanin mita 100. A ƙarshen shekarun 1990 an sauko da shi don gyara, aka mayar da shi a 2005, kwafinsa kuma yana tsaye a bakin ɗaya daga ƙofofin cocin inda mutum zai dube shi da kyau.

Ɗakin ƙararrawa aikinsa daban ne da na wurin ladan. Ladan fili yake so da zai tsaya muryarsa ta tafi. Ƙararrawa kuwa tana son manyan ƙofofi ta kowace fuska don sauti ya fita, da bango mai ƙarfin da zai jure jijjiga. Akwai 24 a wannan ɗaki. Shida a kafe suke, harshen ƙarfen da ke cikinsu ake ja ya buga. Sauran 18 juyawa suke yi gaba ɗaya a kan sandarsu, baki sama baki ƙasa, irin kaɗin da aka san Sifaniya da shi. Waɗannan su ne masu wahalar da gini, domin kowane juyi yana tura bango gefe, ba ƙasa kaɗai ba, kuma a nan ne ɗaurin da gangaren nan 35 suka yi wa hasumiyar yake biyan bukata. Ana zuba ƙararrawa da jan ƙarfe kusan kashi huɗu a haɗa da kuza kashi ɗaya. In kuza ta yi yawa sai ta yi saurin tsagewa, in ta yi kaɗan sauti ya mutu. A al'adar Katolika ana yi wa kowace ƙararrawa addu'a a raɗa mata suna, yawanci na wani waliyyinsu. Babbar cikinsu Santa Mariya ce, an zuba ta a 1588, nauyinta ya haura tan biyar.

Kafin agogo ya shiga aljihun kowa, da waɗannan gari yake sanin lokaci. Akwai kaɗin kiran ibada, akwai na addu'ar safe da tsakar rana da maraice, akwai na mutuwa, na gobara, na murna in an naɗa sarki ko an ci yaƙi, kuma mutanen gari suna bambance su da kunne. Masu kaɗawar a da cikin ɗakunan hasumiyar suke zaune. A makon Ista, daga daren Alhamis zuwa daren Asabar, ƙararrawa kan yi shiru don juyayi, sai a yi amfani da wani abin kaɗawa na katako mai ƙara kwaf-kwaf, irinsa yana nan a saman Hiralda.

Girgizar ƙasa ta sake gwada ta a 1504, da kuma babbar nan ta 1755 da ta rushe Lisbon. Ta tsattsage a wasu wurare amma ba ta faɗi ba. Katolikan garin suna danganta tsirarta ga Husta da Rufina, wasu 'yan'uwa mata biyu masu ginin tukwane da Rumawa suka kashe saboda addininsu a ƙarshen ƙarni na 3, shi ya sa masu zane irin su Murillo suke nuna su tare da hasumiyar a tsakaninsu. Wannan imaninsu ne. Mai nazarin gini kuma zai ƙara da faɗin gindi, da hasumiya cikin hasumiya, da kuma cewa bangon bulo da kwaɓin farar ƙasa yana ɗan motsawa ya tsage ba tare da ya rushe gaba ɗaya ba.

Hukumar UNESCO ta sa cocin da hasumiyarsa cikin jerin kayan tarihi na duniya a 1987, tare da fadar Alkasar da gidan ajiyar takardun mulkin mallakar Sifaniya da ke kusa da su. Hukumar cocin ce ke kula da ita, masu ziyara kuma suna hawa ta gangaren har ɗakin ƙararrawa, sai 'yan matakala kaɗan a ƙarshe waɗanda aka ƙara daga baya. A gyaran fuskokinta da aka fara a 2017, masu aikin sun tarar da ragowar jan fenti a jikin bulon, abin da ya nuna cewa a da ba wannan launin ƙasa-ƙasa da ake gani a hotuna take da shi ba, ja ce aka shafe ta da shi.